Juma'ar 'Yan Gari

Tun da jirgin Surat ya sauke Shamshad a Agra da hantsin ranar Alhamis bai yi zaman minti goma a wuri ɗaya ba. Ya zauna a bakin gadon mahaifinsa, ya tashi ya leƙa tsakar gida, ya hau saman soro ya kori biran da ba su yi masa komai ba, ya sauko ya sake zama. Yayarsa Tabassum tana tsinkar ganyen miya a ƙofar kicin tana bin sa da ido har ta gaji.

"Wai ƙaya ce a wandon naka? Ka zauna mana, kana sa ni jiri."

"Zafi nake ji, Aapa."

"Zafi a watan sanyi? To, Allah ya sawwaƙe."

Ba zafi ba ne. Wani ɗan kati ne a cikin walat ɗinsa, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba, shi ya hana shi sakat.

Mahaifinsu, Ustad Zahiruddin, shekara hamsin ya yi yana dasa furannin dutse a jikin marmara, kuma tun yana yaro bai san sallar Juma'a a ko'ina ba sai a jan masallacin nan na cikin harabar Taj, shahararren farin ginin marmara mai kubba da duniya ke zuwa kallo. Bara ya zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Wata goma sha huɗu yana kwance yana jin kiran salla daga kan gado, yana zagin likitoci ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya aka ce zai iya fita a keken guragu. Dilshad, mijin Tabassum, ya ce shi zai tura shi, tsohon ya ce ya gode, amma ai ya haifa. Ya sa aka buga wa Shamshad waya ya zo kafin Juma'a, bai faɗi dalili ba. Sai da ya iso, ko takalmi bai gama cirewa ba, Abba ya damƙi hannunsa ya yi masa albishir, baki har kunne.

"Gobe kai za ka kai ni. Ni da kai, kafaɗa da kafaɗa, a sahun farko inda muke tsayawa da. Daga nan ko ranar Asabar Allah ya ɗauke ni ba ni da ƙorafi."

To, kowa a unguwar Tajganj ya san doka, har awakin unguwa. Ranar Juma'a Taj a rufe yake, ba tikiti, ba Bature, ba mai hoto. Da azahar ake buɗe ƙofa na ɗan lokaci saboda masallata, kuma ɗan Agra kaɗai ake bari ya shiga, sai ya nuna katin shaida mai adireshin Agra. Katin Shamshad kuwa Surat yake cewa.

Shekara goma sha tara ke nan yana can yana goge lu'ulu'u a wata masana'anta. Duk ƙaramar Salla in ya zo ya yi kwana biyunsa, sai ya ce, "Baɗi in Allah ya yarda zan tattaro in dawo gaba ɗaya." Abba kuwa ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Duk wanda ya tambaye shi labarin ɗansa, cewa yake wani ɗan aiki ya je yi a Gujarat, jihar da Surat take, yana nan dawowa. Abin da bai sani ba, shekara shida da suka wuce Shamshad ya sayi gida mai ɗaki biyu a hawa na huɗu, ya je sa yaransa a makaranta aka ce sai da adireshin garin, shi kuma ya tafi ofis ya canza. Cikin rabin awa aka gama. Ranar har shayi ya saya wa abokan aikinsa don murna.

Bayan azahar, da barci ya kwashe Abba, Shamshad ya jawo tsohon akwatin ƙarfen marigayiya mahaifiyarsu ya zazzage shi a tsakar ɗaki. Takardun makaranta, hoton ɗaurin aurensa, takardar asibiti ta ranar da aka yi masa kaciya, rabi duk gara ta cinye. Yana tone-tone yana atishawa, sai ga inuwar Tabassum a kansa.

"Me ka ɓatar?"

"Tsohon katina na zaɓe. Wanda na yi tun ina da gashi."

"Wannan? Ai ruwan da ya shigo mana shekaran bara ya narkar da hoton, na zubar. Me za ka yi da shi, ba ka da sabo?"

Ya zaro katin ya miƙa mata. Ta goge hannu a gyalenta, ta karanta tana motsa leɓe. Da ta kai ƙarshe sai ta koma farko.

"Shamshad. Tun yaushe?"

"Shekara shida."

"Shekara shida!" Ta waiga ƙofar ɗakin Abba, ta rage murya. "Kai ko kunya ba ka ji? Shekara shida kana zuwa kana cinye min shinkafar biriyani kana cewa baɗi. Ka san sau nawa Dilshad ya roƙe shi ya bar mu mu ɗora ɗaki a saman soron nan? Ya ce a'a, wurin Shamshad ne, in ya dawo da iyalinsa ina za su zauna? 'Yata budurwa a kicin take kwana."

"Wallahi ban sani ba, Aapa."

"Ina za ka sani, kana can kana goge wa masu kuɗi dutse? Tashi ka je ka faɗa masa."

"Barci yake."

"In ya farka."

"Ki faɗa masa ke mana. Ya fi jin maganarki."

"Ni? Ni na canza katin? Ni dai tawa wanka da kwashe fo. Wannan aikin ɗa ne, tunda an ce an haifa."

Ya fice daga gidan bai san inda za shi ba. Ya bi lungu ya ɓulle kasuwa, ya tsaya a gaban mai alewar kabewa ya rasa me ya tsayar da shi, ya wuce. Ƙafa ce ta kai shi ƙofar yamma ta Taj, inda jama'a ke ta turereniya kamar yau aka gama ginin. Can gefe ya hango Guddu, abokinsa tun firamare, wanda ya kwashe shekara ashirin da biyar yana ɗaukar mutane hoto suna yi kamar sun ɗago kubba da yatsa biyu. Ya fito shan shayi, kyamara rataye a wuya.

"Kai! Attajirin Surat! Ina lu'ulu'un da ka yi min alkawari? Ko a sanƙon nan ka ɓoye shi? Na ga yana ƙyalli."

"Guddu, bar wasa, ina cikin bala'i."

Ya kwashe labari ya faɗa masa. Guddu ya yi dariya har shayi ya zuba masa a riga, sai kuma ya tuna da Ustad, dariyar ta tsaya.

"To ai da sauƙi, ɗan'uwa. Ƙanin matata ma sanƙo gare shi, ga muni irin naka sak. In karɓo maka katinsa?"

Sai da Shamshad ya auna maganar, abin da ya daɗe yana jin kunyarsa daga baya.

"In shiga salla da sunan wani? In aka kama ni fa, a gaban Abba?"

"To, malam na Allah, ga wata. Ka sa hula, ka kama keken da hannu biyu, ka sunkuyar da kai, ka yi ta turawa. Wa zai tsayar da mai tura Ustad Zahir? Tsohon da hannunsa ya taɓa rabin furannin cikin can? A unguwar nan fuska ce kati."

Wannan ita ce maganar da Shamshad yake son ji, don haka ya haɗiye ta ko taunawa bai yi ba. Ciwonmu ke nan mu mutanen Tajganj. Don mun san kakan kowa, gani muke duk duniya ma ta san namu. Duk da haka, bai kai ƙarshen layin masu sayar da ƙananan Taj na roba ba sai da shakka ta dawo masa.

Da magariba ya tarar da gidan cike da tsofaffi. An jingina Abba da matasai uku, ga fararen riguna biyu an goge an rataye a jikin ƙofa, ɗaya doguwa ɗaya gajera. Chacha Munne mai tattabaru, maƙwabcinsu na shekara sittin, yana tauna ganyen pan, wanda shi ne goronsu, yana ba da labarin wanda ya mutu da wanda ya kusa.

"Ga shi nan," in ji Abba, ya nuna Shamshad da haɓa. "Kun ce ya zama ɗan Gujarat. Waya ɗaya na yi, ya bar komai ya taho. Ni ina ganin ma wannan karon ya kusa tattarowa, ko ba haka ba?"

"In Allah ya yarda, Abba."

Daga kicin aka jiyo ƙarar murfin tukunya da aka ajiye da ƙarfi.

Da baƙin suka watse, Abba ya miƙo ƙafa ya ce a yanke masa farce, ba zai shiga ɗakin Allah da ƙafar mikiya ba. Shamshad ya durƙusa ya ɗora ƙafar a cinyarsa. Ta rame, ba nauyi ko kaɗan, abin ya ba shi tsoro. Ya yanke uku, ya yi ta maza.

"Abba, akwai wata magana."

"Ina ji."

"Game da gobe ne."

"Kar dai ka ce min ruwa za a yi. Ko ƙanƙara ake zubowa sai na je." Ya yi 'yar dariya. "Ka tuna ranar da na fara kai ka? Ina za ka tuna. A wuya na ɗauke ka. Muna shiga ka ɗaga kai ka ce, Abba, wa ya ɗora albasa a kan ginin nan? Liman da kansa sai da ya yi dariya. Wata goma sha huɗun nan, in ciwo ya hana ni barci, abin da nake tunawa ke nan. To, me za ka ce?"

Shamshad ya ƙura wa ɗan yatsan da ke hannunsa ido.

"Tayar keken ce ta hagu take ƙara. Zan sa mata mai."

Tabassum tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani. Ta ja wani dogon tsaki, ta ce wai da sauro take.

Da safe ya sa wa tayar mai har sau biyu, alhali lafiyarta ƙalau. Ya yi tunanin ya ce cikinsa ya ɓaci, sai ya tuna Abba zai ce a jira shi ya warke, ko da Juma'a ta sama ce. Har ya kai hannu kan ƙusar tayar yana tunanin ya kwance ta, sai ya janye kamar ya taɓa wuta. Aka kawo waina da soyayyen jalebi mai zaƙi daga bakin titi, ya gutsura ya ajiye. Ya yi wanka, ya fito yana zufa, ya sake watsa ruwa. Abba kuwa tun ƙarfe goma ya shirya, an sa masa kwalli, ya shafa turare a gemu, ya shafa wa Shamshad ragowar a kafaɗa.

Tafiyar da ba ta wuce minti goma ba sai da ta ci rabin awa. Mai aski ya bar kan mutum rabi da kumfa ya fito gaisuwa. Masu shagon marmara suka miƙe tsaye, waɗansu duk Ustad ne ya koya musu riƙe kurfi. Abba yana ta ɗaga hannu dama da hagu, duk wanda ya gaishe shi sai ya nuna baya da babban yatsa ya ce, "Ɗana ne ya kawo ni." Dilshad da Chacha Munne suna biye. Shamshad ya ja hula har gira, hannuwansa sun jiƙe suna zamewa a jikin keken.

A ƙofa an yi layi. Gefe guda ana ta mayar da waɗansu 'yan yawon buɗe ido da ba su san yau Juma'a ba ce, suna ta nuna littafinsu suna mita. Jami'in da ke duba kati dattijo ne mai furfurar gashin baki, harshensa na mutanen can kudu mai nisa. Shamshad bai taɓa ganin fuskarsa ba, nan take ya sha jinin jikinsa.

Abba ya zaro nasa katin daga aljihun ƙirji ya miƙa da alfahari. Jami'in ya duba, ya mayar masa da hannu biyu. Shamshad ya sunkuyar da kai ya tura. Taku biyu ya yi, hannun mutumin ya sauka a kan keken, a hankali.

"Naka fa?"

"Tare muke. Ni ɗansa ne."

"Na gani, kun yi kama. Kati."

Mutanen baya suka sa baki. "Haba, ɗan Ustad ne! A kan idonmu aka haife shi. Bar shi ya wuce."

"Ni watana biyu da zuwa garin nan," in ji jami'in, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ban ga haihuwar kowa ba. Kati aka ce in duba."

Abba ya waigo yana dariya. "Ba shi mana! Ka tsaya kana kallonsa sai ka ce ƙodarka ya tambaya."

Shamshad ya miƙa. Jami'in ya duba gaba, ya juya baya, ya dubi tsohon, sannan ya matso kusa da Shamshad ya yi ƙasa da murya.

"Ka yi haƙuri, wannan ba na Agra ba ne. Kai sai dai gobe, da tikiti. Baba zai iya shiga, wani ya tura shi."

"Me ya ce?" in ji Abba. "Ba na Agra ba? Kuskure ne, ɗana. Mutanen ofis ɗin nan ni ma sun taɓa rubuta ni mace. Karanta min in ji, idona ya tafi."

Jami'in ya dubi Shamshad, ya ba shi dama ya yi magana da bakinsa. Shamshad ya kawar da kai. Mutumin ya karanta. Shamshad ɗan Zahiruddin, gida mai lamba goma sha huɗu, hawa na huɗu, ga sunan layi, ga sunan unguwa, Surat, Gujarat.

Chacha Munne ya daina taunar da yake yi.

"Hawa na huɗu," in ji Abba. Bai waiga ba. "Haya kake?"

"Saya na yi, Abba."

"Yaushe?"

"Shekara shida."

Tsohon ya gyaɗa kai sau biyu, kamar an faɗa masa farashin dutse. Daidai lokacin kiran salla ya taso daga ciki, mutane suka fara raɓawa ta gefensu suna wucewa, kowa yana kawar da ido.

Dilshad ya matso. "Abba, kawo in tura ka, za mu rasa huɗuba."

"Ka shiga, Abba," in ji Shamshad. "Don girman Allah ka shiga. Zan tsaya a nan in jira ka. In mun koma gida ka yi min duk abin da ka ga dama."

Abba ya daɗe yana kallon jar hanyar da ta miƙe ciki daga bakin ƙofa. Ya riƙe hannun keken har jijiyoyinsa suka tashi. Kowa ya ga yana son shiga, so irin wanda ba ya ɓoyuwa. Sannan ya mayar da katinsa aljihu, ya gyara zaman hularsa.

"Dilshad, ku shiga kai da Munne, ku sa mu a addu'a. Ni na yi baƙo daga nesa. Ba zan bar shi tsaye a ƙofa in shige ba, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba." Sai yanzu ya juyo ya dubi Shamshad, fuskarsa a sake, ba alamar fushi. "Akwai ƙaramin masallaci a bayan kasuwa, can matafiya suke yi. In ba zan wahalar da kai ba, ka kai ni."

Sun tarar da shi ya cika, sai a bakin titi suka samu wuri, a kan kwali, tsakanin direbobin motocin haya. Abba ya yi sallarsa a zaune. Shamshad bai san me liman ya karanta ba. A hanyar komawa ya yi ta ba da haƙuri, ya kawo zancen makaranta, ya kawo na yara, ya rantse zai sake canza katin, Abba yana cewa, "Ba komai, ai haka rayuwa take." Da ya zage shi a tsakiyar kasuwa, ko ya cire takalmi ya kwaɗa masa, da Shamshad ya ji sanyi a ransa. Wannan ba komai ɗin kuwa ji yake kamar ana yanka shi da wuƙa marar kaifi.

Suna shiga gida Tabassum ta dubi fuskokinsu, ba ta tambayi komai ba.

"Tabassum," in ji Abba, "buɗe kabad ki fito da farantan tangaran. Ki shimfiɗa farin ƙyallen nan. A aika a sayo kaza."

"Abba, Shamshad ne fa."

"Na sani."

Farantan nan ba sa fitowa sai masu neman aure sun zo, ko wani babban mai sayen marmara daga Delhi. Ta jera su tana share ido da gefen gyale. Shamshad ya sunkuya zai ciccibi Abba daga keke ya mayar da shi gado, tsohon ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"A'a, a'a, bar shi. Dilshad yana nan zuwa."

Aka zuba abinci. Abba ya sa aka tura masa cinyar kazar gabansa, ya tambaye shi ƙarfe nawa jirginsa zai tashi, ya ce a ɗaura wa yara alewa su ɗanɗana ta Agra. Shamshad yana riƙe da cokali, hawaye na ɗiga a farar shinkafa, ya kasa kai ko loma ɗaya baki.

"Ya garin naku?" in ji Abba. "An ce akwai teku kusa."

"Akwai, Abba."

"Madalla. Ci abinci, kar ya huce."